MARSANDIN DA NA CI GADO

  

Duk wadda ta saba karanta littattafanmu na soyayya ta san labari ba ya cika sai an sako mota a ciki. Saurayi ya zo da yamma ya faka dalleliyar motarsa a ƙofar gida, ƙamshin turarensa ya riga shi fitowa, yaran unguwa su yi mata zobe suna leƙe, sannan ya kira yaro ya ce je ka ce ana sallama da wance. Ita kuwa wance tana ɗaki gabanta na faɗuwa, ƙawaye na zuga ta. A nan labarin motar yake ƙarewa, domin a takarda mota ba ta shan mai, ba ta zuwa gareji, ba ta san ramin titi ba. To yau labarin motar gaske na kawo muku, wadda take ajiye a gidanmu da sunana a kan takardunta, yau wata huɗu ke nan cif. Gani ya kori ji.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa da rahama, sana'arsa sayar da motoci ce, yana ɗauko su daga Kwatano ta Jamhuriyar Benin ya kawo Kano. Allah ya yi masa rasuwa a shekarar 2024, ya bar mu da gida da 'yan kuɗi da motoci bakwai a filinsa. Da lokacin rabon gado ya yi, malamai suka zauna, aka kira masana suka yi wa kowace mota kuɗi. Yayyena maza suka ɗauki su Toyota da Honda, saboda su ne masu saurin shiga a kasuwa. Aka bar wata 'yar ƙaramar Marsandi ruwan azurfa, wadda ta fi shekara biyu a fili ba wanda ya taya. Laifinta uku ne a wurin masu saye: kujerunta biyu rak, ga ta ƙasa-ƙasa kamar za ta lashi titi, sannan uwa uba giyarta ta hannu ce, wadda ake ce wa manuwal, alhali yanzu kowa otomatik yake nema. Kuɗin da aka yi mata kuwa ya zo kusan daidai da kasona.

Babban yayanmu ya kira ni gefe ya ce, "Ƙanwata, ki bari in nemo miki mai saye ko da za a ɗan karya ta, ki sayi fuloti ko ki zuba kuɗin a buga sabon littafinki. Wannan ba motar mata ba ce, ko mazan ma ba kowa ba." Wallahi shawara ce ta mai ƙauna, ban ji haushinsa ba ko kaɗan. Amma na ce masa, "Yaya, don Allah ka ba ni wata shida. Ina so in san abin da zan sayar kafin in sayar da shi." Dalilina shi ne, duk ranar Juma'a in Baba ya dawo daga masallaci sai ya tayar da motar nan ya zaga da ita, yana cewa wannan ta wanda ya san mota ce. Na ƙudurta a raina sai na gano abin da ya gani a jikinta. Umma ta yarda, amma da sharaɗi uku: ba na fita ni kaɗai sai na iya, ba na buɗe rufinta a cikin gari, kuma magariba a gida za ta same ni.

Bari in gabatar muku da ita kamar yadda ake gabatar da amarya. Cikakken sunanta Mercedes-Benz SLK 230 Kompressor, ƙirar 2001. A garin Bremen na ƙasar Jamus aka haɗa ta. An fara fito da irinta a 1996, aka daina wannan zubin a 2004, don haka tsohuwa ce, ta kusa sa'ata, sai dai ta ji kulawa. Haruffan nan uku SLK farkon kalmomin Jamusanci ne guda uku masu nufin mai zafin gudu, marar nauyi, gajeriya, kuma duka ukun gaskiya suka faɗa, domin tsawonta mita 4 ne kawai. Abin da ya sa ta yi suna a duniya shi ne rufinta. Na ƙarfe ne, amma da ka danna wani maɓalli sai but ɗin baya ya buɗe, rufin ya naɗe kansa gida biyu ya shige ciki, cikin daƙiƙa 25 mota ta koma buɗaɗɗiya. Ranar da na fara gwada shi a tsakar gida, ƙannena har da tafi, kakarmu kuwa salati ta dinga yi tana cewa mota ta cire ɗankwali.

Shi kuma Kompressor ɗin da aka rubuta a jikinta wata na'ura ce da bel yake juyawa, aikinta ta dinga cusa wa inji iska fiye da wadda zai iya shaƙa da kansa. Iska ta yi yawa, mai ya ƙone da kyau, ƙarfi ya ƙaru. Shi ya sa injin mai silinda huɗu, lita 2.3, yake ba da ƙarfin doki 197. Tayoyin baya ne suke tura ta, saɓanin yawancin ƙananan motocin da muka saba gani waɗanda na gaba suke ja.

To sai maganar koyo. Tsohon direban Baba, wanda tun muna firamare yake kai mu makaranta, shi ya ɗauki nauyin koya mini. Baba Direba muke ce masa, shi kuma 'yar Alhaji yake kirana. Na riga na iya otomatik, ina da lasisina, amma ranar farko da na zauna na leƙa ƙasa sai na ga abin takawa uku maimakon biyu: kuloci a hagu, birki a tsakiya, totur a dama. A hannun damana kuma ga giya har shida da ribas. Giyar mota nake nufi fa, kada wata ta je ta ce wa Ummanta marubuciya ta fara riƙe giya.

Baba Direba bai bar ni na tayar da inji ba sai da ya yi mini bayani da marfin tukunya guda biyu da ya aro a kicin. Ya haɗa su fuska da fuska ya ce, "'Yar Alhaji, wannan marfin inji ne, kullum juyawa yake. Wannan kuma na tayoyi ne. In kin taka kuloci kin raba su, in kin saki kin haɗa su. In kika haɗa su da garaje, na tsaye zai riƙe mai juyawa, mota ta mutu. In kika haɗa su a hankali, mai juyawa zai lallashi na tsaye har su tafi tare." Ni kuwa na ce a raina, ashe har a cikin ƙarfe akwai zaman aure.

Akwai wani ɗan wuri a tsakiyar sakin kuloci inda marafan nan suke fara taɓa juna. Idan ƙafarki ta zo wurin sai ki ji ƙarar inji ta ɗan sauka, gaban motar ya ɗan motsa kamar doki ya ji an taɓa linzami. Duk sirrin tuƙin manuwal a wannan ɗan wurin yake, kuma ba wanda zai iya nuna miki shi da baki, sai ƙafarki ta gano da kanta. Mako biyu muka yi a wani fili bayan gari muna tashi muna tsayawa, motar tana mutuwa muna sake tayarwa, cinyata ta hagu tana ciwo kamar na yi daka. Baba Direba ko a jikinsa, sai dai ya ce, "Sake. Sannu ba ta hana zuwa." Ranar da na tashe ta sumul ba ko girgiza, na sa ta biyu, na sa ta uku, sai na ga dattijon nan ya juya fuska yana goge ido da hularsa. Ya ce haka Alhaji yake sakin kuloci.

Darasi mafi wuya shi ne tashi a kan hawa. Ku ɗauka kina kan gadar sama, gosulo ya tsayar da ke, ga mai Adaidaita Sahu ya manne miki a baya har kina ganin haƙoransa a madubi. Da kin ɗaga ƙafa daga birki mota za ta sulale baya. Dabarar ita ce ki ja birkin hannu, ki sa giya ta ɗaya, ki kawo kuloci daidai wurin nan da na faɗa miki, ki ɗan taɓa totur, da kin ji motar tana son tafiya sai ki sauke birkin hannun. Hannu biyu da ƙafa biyu da kunne duk suna aiki lokaci guda. Ya kuma gargaɗe ni kada in mayar da kuloci wurin hutar da ƙafa, domin ɗora ƙafa a kansa ana tafiya yana cinye farantin, canza shi kuwa sai an sauke akwatin giya gaba ɗaya, aikin kuɗi ne ba na wasa ba.

Yanzu bari in faɗa muku daɗin, don kada ku ce wahala kawai na gada. Wata Lahadi da sassafe muka hau hanyar Wudil ni da Baba Direba, titi fayau ba kowa. Na sa ta uku na taka totur, sai na ji kamar wani ya sa tafin hannu a bayana ya tura ni gaba. Na sa ta huɗu, na sa ta biyar, kowane canji yana shiga da ɗan ƙas a tafin hannuna. A otomatik mota ce take yanke shawarar lokacin da za ta canza giya, ke dai fasinja ce mai riƙe da sitiyari. A nan kuwa ba abin da zai faru sai da izininki. Ki ji kukan inji ya yi sama ki san lokacin ƙari ya yi, ki hango kwana ki sauko ta uku, injin da kansa ya riƙe motar ba sai kin dame birki ba. Saboda gajartarta da kusancinta da ƙasa, in ta shiga kwana ba ta tangaɗi, kamar an ɗora ta a kan layin dogo. An ce tana iya haura kilomita 230 a awa, amma ni ban taɓa wuce 100 ba, wanda shi ne iyakar da dokar hanya ta ba ƙananan motoci a babban titi mai hannu biyu, kuma ba ni da niyyar wucewa. Rai guda ne, kuma Umma na jirana a gida. Wani abin mamaki, tunda na fara tuƙa ta ban taɓa ɗaukar waya ina tuƙi ba, don babu hannun da zai ɗauka.

A wannan safiyar na gane abin da Baba yake nufi. Motar tana ba ki daidai abin da kika ba ta. Kika yi mata garaje ta yi miki gardama, kika natsu ta bi ki kamar raƙumi da akala.

Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a nan karin maganar ta faɗa daidai, domin rufin nan da ake yi wa tafi da mai yake aiki, wasu 'yan famfuna ne suke ɗaga shi suna sauke shi, robobinsu kuwa in sun tsufa sai su fara zubar da man. A wata na biyu na ga ɗigon mai a saman gilashin gaba ta ciki. Bakaniken da ya san irin wannan aiki ba shi da yawa, sai da Yaya ya yi cigiya kafin a samo wani dattijo da ya ƙware a Marsandi. Kayan gyaran Toyota ko ina ka shiga a Ƙofar Ruwa za ka samu, amma na wannan sai da aka aika Legas, muka jira kwana goma sha ɗaya. Kuɗin da na biya ya kai abin da nake samu a littafi na wata guda cur.

Ga kuma mai. Kun dai san tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da shugaban ƙasa Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a ƙarshen 2024 har ta taɓa naira 1,000. Motar da aka yi don gudu kuwa ba ta son tafiyar hawainiya, a gosulo ta fi shan mai, a nan ne kuma ƙafar hagu take gane kurenta, taka kuloci saki kuloci har a fita. Ƙasa-ƙasan nan da yake sa ta kyau a kwana shi ne abin tausayi a lungunan unguwa. Duk tudun da aka yi a titi don rage gudu sai na hau shi a karkace, a giya ta ɗaya, ina addu'a kada cikinta ya gogu. In an yi ruwan sama titi ya cika, ajiye ta nake in hau Adaidaita kamar kowa. A yashi kuma tayoyin baya suna son sulɓewa in aka taka totur da ƙarfi. But ɗinta in rufi yana sama yana ɗaukar lita 348, wato akwati biyu madaidaita, in an naɗe rufin kuwa saura 145, ko buhun shinkafa sai an yi dabara.

Amma abin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne kujeru biyun nan. Ranar bikin 'yar ƙanwar Umma, muka fito ni da Umma da Gwaggo da ƙannena biyu, kowa ya ci ado, ga mota a tsakar gida tana sheƙi, amma mutum ɗaya kawai za ta ɗauka. Wa zan ɗauka, wa zan bari? Sai muka rufe ta da tamfol muka tari Adaidaita biyu. Gwaggo ta ce, "Wannan mota taku ta marasa dangi ce." Muka yi dariya, amma maganar ta zauna mini. Waɗanda suka ƙera ta sun yi ta ne don mutum da abokin tafiyarsa guda. Mu kuwa a nan mota ta gida ce, ta kai mara lafiya asibiti ce, ta rage wa maƙwabciya hanya ce.

Maganganun mutane kuma ba a rasa su ba. Wata ta ce wa Umma budurwa mai irin wannan mota samari tsoronta za su ji. Wani da yake zuwa wurina zance a lokacin, ranar da ya fara ganinta bai tambaye ni yadda na same ta ba, bai yi wa Baba addu'a ba, sai cewa ya yi, "In mun yi aure ai ni zan dinga hawa, ke ba ki da ƙarfin kuloci." Na ce masa Allah ya kai mu, daga ranar kuma ban sake fita ba in ya aiko. Motar ta yi mini tankaɗe da rairaya ba tare da na roƙe ta ba. Addininmu ya ba mace haƙƙin mallakar dukiyarta, gadonta nata ne, sadakinta nata ne, wanda ya fara raba miki kayanki tun kafin a shafa fatiha kuwa ya riga ya gaya miki halinsa.

Masu cewa giyar hannu ba ta mata ba ce, ina ma su san tarihin kamfanin da ya yi motar. A watan Agusta na 1888, Bertha Benz, matar Karl Benz wanda ya ƙera motar farko mai amfani da fetur, ta ɗauki 'ya'yanta maza biyu a motar mijinta mai ƙafa uku, daga garin Mannheim zuwa Pforzheim garin mahaifiyarta, tafiyar kimanin kilomita 106. Kafin ita ba wanda ya taɓa yin doguwar tafiya haka a mota. Babu gidan mai a duniya a lokacin, a kantin magani na garin Wiesloch ta sayi abin da ta zuba. Bututun mai ya toshe ta sa allurar hularta ta buɗe shi. Katakon birki ya cinye ta sa baduku ya manna masa fata. A kan hawa sai da yaran suka sauka suka tura, shi ya sa da ta dawo ta ba mijinta shawarar ya ƙara giya ta hawan tudu, ya kuwa ƙara. Kun ga ke nan giyar da nake hawa gadar sama da ita, da bakin mace a cikin asalinta. Sunan Marsandi kansa sunan yarinya ne, Mercédès, 'yar wani attajiri Emil Jellinek mai sayar da motocin kamfanin Daimler, aka yi wa sunan rajista a 1902.

To ina aka kwana game da alƙawarina da Yaya? Saura wata biyu. Tun ranar farko na sayi littafi mai layi-layi, duk abin da motar ta ci ina rubutawa, mai, baƙin mai, gyara, wanki, har kuɗin mai facin taya. Ƙarshen kowane wata in haɗa in ɗora a kan abin da littattafaina suka kawo. Lissafin ya nuna mini zan iya riƙe ta in dai ba kullum zan hau ba, kuma in ba wani babban gyara ya taso ba. Ranar da na ga ta fara cin jarin buga littafi ko kuɗin makarantar ƙanwata da na ɗauka, to ranar zan sayar da ita ba tare da na yi kuka ba, domin Baba da ya so ta bai taɓa fifita ƙarfe a kan iyali ba. Bambancin kawai shi ne, yanzu in mai saye ya zo ni zan zauna da shi. Na san lafiyar kulocinta, na san an canza robobin rufi, na san abin da take da shi da abin da ba ta da shi, ba dillalin da zai ce mini ta mutu in sallama a banza. Jiya ma Yaya da kansa ya ce in kai shi unguwa, muna tafe yana satar kallon hannuna a kan giya, da muka isa ya ce, "Ƙanwata, ashe da gaske kike." Ban ce komai ba, amma har na dawo gida bakina bai rufu ba.

Ƙannena, na san ba kowace ce za ta gaji mota ba. Wata keken ɗinki za a bar mata, wata gona, wata 'yan kuɗi a banki, wata kuwa takardar sakandare ce kaɗai dukiyarta kamar yadda na fara. Ko mene ne naki, ki zauna ki san shi ciki da waje kafin wani ya gaya miki darajarsa, ki nemi dattijon da ya sani ki durƙusa ki koya, ki kuma riƙe biro ki dinga lissafi. In kuma saurayi ya faka dalleliya a ƙofar gidanku, ki amsa sallama da ladabi, amma ki tuna wadda take zaune da irinta ta gaya miki cewa sheƙin daga waje ne, ɗawainiyar tana ciki, kuma motar ba za ta gaya miki ko mai ita yana salla ba, ko yana jin ƙan uwarsa. Wannan binciken su Abba da su Kawu ne, ki bar musu aikinsu.

Ina roƙon duk wadda ta karanta wannan ta sa mahaifina a addu'a, Allah ya haskaka kabarinsa da na dukkan musulmi, ya saka wa Baba Direba da alheri, ya kare mu daga sharrin ƙarfe.  Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Taku har kullum mai ƙaunarku.